Kumburin Yaya Barakatu

Tsiga, goma ga Rabi'ul Awwal, shekara ta 1287 bayan Hijira

Da sunan Allah. Daga Hansai ɗiyar Malam Bature zuwa ga Kawu Malam Abdussamad, a birnin Zazzau.

Gaisuwa mai yawa da ban girma. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibai. Mu nan Baba lafiya, kullum yana gona, gero ya kai gwiwa. Gwaggo, yayar Baba, tana fama da ciwon baya amma ba ta zauna ba.

Kawu, ka yi haƙuri da rubutuna, ban taɓa rubuta wa babba takarda ba. Yaya Barakatu ce ta sa ni. Ta ce tun da Inna ta rasu ba mu da wani a dangin uwa sai kai, kuma kai ne ka karanta littattafan magani.

Yau kwananta ashirin da haihuwa. Mace ta samu, an sa mata Kulu. Yaya tana nan gida wajen wanka, kuma tunda haihuwar fari ce Gwaggo ta ce wata uku za ta yi kafin ta koma ɗakin mijinta Ɗanjuma. Safe da yamma ana yi mata wanka da tafasasshen ruwa da ganyen runhu, tana kwana a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi. Ni nake dama mata kunun kanwa, sau uku a rana.

Kwana shida ke nan ƙafafunta suka kumbura. Munduwar ƙafarta sai da aka kira maƙeri ya buɗe ta. In ta je bayan ɗaki ta dawo sai ta dafa bango tana haki, kamar wadda ta ɗauko itace daga daji. Tana tari kuma, busasshe. Gwaggo ta ce sanyi ne ya shige ta ranar suna da aka yi ruwa, ta ce in ƙara kanwa a kunu, ita kuma ta ƙara wuta. Na ƙara. Ba mu ga sauƙi ba.

Yaya tana dariya tana cewa ƙafar giwa aka ba ta aro. Amma da Gwaggo ta fita ta riƙe hannuna ta ce, "Rubuta wa Kawu, Hansai. Numfashin nan ba ya isata."

Jibo bafatake zai kai auduga Zazzau gobe, shi zai ba ka wannan. Wassalam.

*

Zazzau, sha biyar ga Rabi'ul Awwal

Daga Abdussamad zuwa ga ɗiyata Hansai. Aminci ya tabbata a gare ki. Ki gaishe da mahaifinki da Gwaggonku, ki yi wa Barakatu barka. Mu lafiya, sai kurkunu da ya fito mini a idon sawu, ina nannaɗe shi a kara kaɗan-kaɗan.

Rubutunki ya karantu sarai. Yanzu ki natsu. Kumburin mai jego yakan zo ta ɗaya daga hanyoyi biyu: ko ƙoda ta gaza tace ruwa, ko zuciya ta gaji da tura jini. Ba na iya rarrabewa daga nan, sai kin zama idona. Ki yi waɗannan, ki rubuto mini abin da kika gani, ba abin da aka gaya miki ba.

Ki danna babban yatsanki a ƙwaurinta, ki karanta Fatiha, ki ɗaga. Ki duba ko rami ya zauna, da kuma har ina kumburin ya hau.

Ki dubi fuskarta da sassafe. In fatar ido ta kumbura da safe ta sauka da rana, wannan aikin ƙoda ne. In ƙafa ce ta fi cika da yamma, na zuciya ne.

Ki kwantar da ita a miƙe ba matashi. Tana iya zama haka, ko tana zabura neman iska?

In tana zaune, ki dubi gefen wuyanta ko jijiya ta tashi tana motsi. Ki sa yatsu a wuyan hannunta, ki gwada bugunta da naki.

Na ƙarshe ya fi duk sauran. Ki nemi kasko mai tsabta, ta tara fitsarinta a ciki daga asuba zuwa asuba. Ki auna da ƙoƙon shan fura wanda ba za a sake amfani da shi ba. Ki dubi launinsa, ki kaɗa da tsinke. In kumfa ta taru ta ƙi bajewa, ƙoda ce. In ba kumfa amma ya yi duhu bai kai ƙoƙo ɗaya ba, zuciya ce ta gaza, ruwa yana taruwa a jiki. To a wannan halin kanwa guba ce a gare ta, zafin wanka da na gado kuma ƙarin kaya ne a kan zuciyar. Sai a daina duka nan take, ni kuma in hau jaki in zo ko da ƙafar nan. In kuwa ya kai ƙoƙo uku, ruwan yana fita, akwai sarari.

Na san kunyarki. Ki ajiye ta na yini ɗaya. Allah ya yi miki albarka.

*

Tsiga, ashirin da biyu ga Rabi'ul Awwal

Zuwa ga Kawu. Gaisuwa da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Baba yana yi maka sannu. Gwaggo ta ce a gaishe ka, ta kuma ce in tambaye ka sau nawa ka taɓa haihuwa. Ka yi haƙuri, ta ce sai na rubuta.

Ga abin da na gani. Na danna ƙwauri, rami ya zauna, har na je na ɗauko Kulu na dawo bai cike ba. Kumburin ya wuce gwiwa da kamu ɗaya. Fuskarta da safe ba ta kumbura, ramewa ma ta yi. Ƙafa ta fi cika bayan la'asar. Da na cire matashi na kwantar da ita, ban kai ƙarshen Fatiha ba ta tashi tana tari, ta ce in zan kashe ta in bari ta shayar da yarinya tukun. Yanzu a jingine take barci. Jijiyar wuyanta ta dama a tashe take har kusa da kunne. Bugun hannunta kuwa, kafin nawa ya yi biyu nata ya yi uku, kuma ba shi da ƙarfi.

Yaya ta sa mini suna Malama, duk na matso sai ta miƙo ƙafa ta ce a zo a yi karatu.

Fitsari ƙoƙo uku da rabi, fari, ba kumfa.

Jibo yana jira a zaure. Wassalam.

*

Zazzau, ashirin da takwas ga Rabi'ul Awwal

Zuwa ga ɗiyata Hansai. Gaisuwa gare ki da mutanen gida. Ki ce wa Gwaggo ban taɓa ba, kuma ba na gasa da ita.

Takardarki ta sa na yini ina juya littafi. Ramin ƙwauri, da jijiyar wuya, da gaza kwanciya, da saurin bugu, duk zuciya suke nunawa. Ƙoda kuwa ta fita daga zargi tunda ba kumfa, fuska ba ta cika. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yawan fitsarin. Ban taɓa ganin mai waɗannan alamu tana fitar da ƙoƙo uku da rabi ba. Fassarar da na iya yi ita ce ciwon ya kai iyakarsa ya juya, jiki ya soma zubar da ruwan da ya tara, sauran alamun za su bi baya cikin kwanaki.

Saboda haka na fasa tafiya, har na riga na ari jaki na mayar. Ba sai an yi rigima da Gwaggo ba. In ta yarda a rage kanwa kaɗan, to. In ta ƙi, ku bar ta da al'adarta. Kin yi aiki mai kyau, mahaifiyarki ma haka take da lura. Allah ya ƙara sauƙi.

*

Tsiga, tara ga Rabi'us Sani

Zuwa ga Kawu. Ina gaishe ka. Baba lafiya, Kulu lafiya. Yaya ba lafiya.

Kawu, na yi maka ƙarya. Ƙoƙo uku da rabin nan ba na Yaya ba ne, nawa ne.

Ranar da takardarka ta farko ta zo, Baba ya ce in karanta a tsakar gida. Yana zaune a kan buzu, Gwaggo tana tsinkar rama, Ɗanjuma ma ya zo duba jinjira. Da na iso wurin kasko sai bakina ya ƙi. Ban taɓa faɗin wannan kalma a gaban Baba ba, balle a gaban mijin yayata. Na tsallake har zuwa inda ka sa mini albarka. Maganar kanwa da ta zuwanka duk suna cikin abin da na tsallake. Ba wanda ya iya karatun ajami a gidan sai ni, ba wanda ya sani.

Daga baya na je in nemi kasko, Gwaggo ta tambaye ni na mene ne. Da na soma kame-kame ta gane, ta ce a gidan nan ba a taɓa barin na mai jego ya kwana a buɗe ba, don masu mugun nufi da shi suke aiki. Sai na tambayi Yaya a asirce ko tana yi da yawa. Ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Ke Malama, ba ki da kunya? Lafiya lau." Na ce a raina tunda lafiya lau ne, to kamar nawa ne. Na auna nawa don in san abin da zan rubuta.

Amsarka ta zo kwana huɗu da suka wuce. Ka ce na yi aiki mai kyau. Tun ranar abinci ba ya wuce mini. Na ci gaba da dama kunu da kanwa, da hannuna, ina ɗaga mata kai tana sha.

Yanzu kumburin ya hau cinya ya kai ciki. Zanenta ba ya zagaya ta. Ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama ba ya taɓuwa don ciwo. Ta daina yi mini ba'a. Shekaranjiya ana cikin wanka ta sulale, Gwaggo da maƙwabciya suka ciccibo ta, leɓenta ya yi baƙi.

Ranar na gaya wa Yaya abin da ka rubuta game da kasko. Sai ta nuna mini bayan randa. A nan na ɓoye shi na rufe da faifai. Yau da asuba na auna. Bai cika ƙoƙo ɗaya ba, Kawu. Launinsa kamar jiƙon tsamiya da ya kwana. Na kaɗa har hannuna ya gaji, kumfar da ta taso ta baje nan da nan.

Na sake karanta takardarka sau uku. Ka riga ka faɗi abin da wannan yake nufi da abin da za a yi. Kwana goma sha bakwai ke nan da ya kamata a daina. Ba zan jira amsa ba. Kunun yau da tsamiya na dama shi, na kai mata lokacin da Gwaggo take salla.

Ban san yadda zan yi da wanka da wutar gado ba. Ka zo, don Allah. In ka zo ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama.

*

Tsiga, sha shida ga Rabi'us Sani

Zuwa ga Kawu. Gaisuwa. Ban ji daga gare ka ba. An ce rafukan da ke bayan Maska sun cika, fatake suna zaune a bakin ruwa. Ban sani ba ko Jibo ya haye. Wani mai kai shanu zai bi ta tudu, na ba shi wannan.

Gwaggo ta kama ni a rana ta biyu. Kunun kanwa da na tsamiya ba launinsu ɗaya ba, ta gani a ƙwarya. Ta kira Baba daga gona. Ta ce ita ta yanke cibiyata, ita ta yi wa matan unguwar nan wanka shekara talatin, yau yarinyar da ba ta iya ɗaura zane ba za ta sa wa mai jego sanyi a ciki. Ta ce in Barakatu ta mutu kowa ya san hannun wa.

Baba ya dube ni. Na durƙusa, na ɗauko takardarka ta farko, na karanta wurin da na tsallake. Wannan karon na faɗi kalmar. Na faɗi abin da na yi da nawa ƙoƙon. Sannan na shiga na ɗauko kaskon na ajiye a gabansu.

Gwaggo ta ce in kawar da wannan ƙazanta. Baba ya ce a bari. Ya tambaye ta, a cikin matan da ta yi wa wanka, nawa ne suka kumbura haka. Ta ce da yawa. Ya ce nawa suka tashi. Sai ta ce, "Rai na Allah ne, Bature." Ya ce haka ne, ya shiga da kansa ya kwashe garwashin gadon.

Gwaggo ba ta yarda a bar wanka ba, ta ce garin nan zai zage ta. An tsaya a kan sau ɗaya a rana da ruwa mai ɗumi, ni nake sirkawa. Ba kanwa, ba gishiri ko a miya. Ba ta yi mini magana tun ranar. Tuwona a ƙofar ɗaki take ajiyewa.

Jiya ƙoƙo ɗaya da rabi. Yau biyu saura kaɗan, ya fara haske. Har yanzu a jingine take, har yanzu ramin ƙwauri yana zama. Ban sani ba ko wannan sauƙi ne ko idona ne yake so ya ga sauƙi. Baba yakan tsaya a kaina in ina aunawa, ni na roƙe shi.

Kawu, ka gaya mini gaskiya. Da na rubuta daidai tun farko, da ba ta kai haka ba?

*

Zazzau, ashirin da uku ga Rabi'us Sani

Zuwa ga ɗiyata Hansai. Aminci gare ki. Takardunki biyu rana ɗaya suka iso. Ƙafata ta ruɓe inda kurkunun ya tsinke, ba na iya taka ƙasa. Na sa a ɗora ni a jaki, ɗalibai suka dawo da ni daga ƙofar gari.

Kin nemi gaskiya. E, da ba ta kai haka ba. Kwana goma sha bakwai na kanwa da wuta a kan zuciyar da ta gaji ba ƙaramin abu ba ne, kuma wani ɓangare na abin da ya lalace ba zai dawo ba. Ba zan rage miki wannan ba.

Amma ki ji nawa. Alamu huɗu sun ce mini abu ɗaya, alama ɗaya ta ce wani. Wanda ya san aikinsa sai ya ce a sake aunawa. Ni na zaɓi wadda ta bar ni in zauna da ƙafata. Ke shekararki sha huɗu, ni gemuna fari.

Abin da kika gani yanzu sauƙi ne na gaske. In fitsari ya ƙaru kuma ya yi haske, zuciya ta samu sarari. Ku ci gaba. A jiƙa mata soɓorodo ba kanwa, a dafa gemun masara in ta fito, ta sha ƙoƙo ɗaya safe ɗaya yamma, kada ta cika shan ruwa. Kada ta yi daka, kada ta ja guga, kada ta goya. In ta yi tari da kumfa mai ja, ko fitsari ya sake komawa ƙasa da ƙoƙo ɗaya, a aiko mini mutum, ba takarda ba.

Abu mai nauyi kuma: kada ta ɗauki wani ciki sai bayan shekara uku aƙalla. In ta ɗauka kafin haka, ina tsoron ba za ta tashi ba. Ɗanjuma ya ji wannan da kunnensa. Ke za ki karanta masa, a gaban mahaifinki da Gwaggo.

*

Tsiga, biyar ga Jimada Awwal

Zuwa ga Kawu. Gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah ya ba ƙafa lafiya. Baba ya ce kada ka sake hawa jaki sai ta warke. An fara yankan gero.

Na karanta takardar duka. Da na zo maganar shekara uku Ɗanjuma ya sunkuyar da kai yana zane ƙasa da tsinke. Ya tambaya ko Malam ya tabbata. Gwaggo ce ta amsa masa, ta ce, "Kai ba ka gan ta a ƙasa ba, ni na ɗauke ta." Sai ya ce ya ji. An bar ta a gida har bayan kaka.

Wurin da ka ce e, da ba ta kai haka ba, shi ma na karanta. Yaya tana ji daga ɗaki. Daga baya ta kira ni ta ce ai ita ma lafiya lau ta ce da na tambaye ta, laifin namu ne mu biyu, in daina yawo da fuska kamar an yi mini mutuwa. Na ce to. Amma ita ba ta san abin da ke cikin takardar ba a lokacin, ni na sani.

Kumburin ya sauka zuwa idon sawu. Fatar ƙafarta ta yi yaushi kamar ta tsohuwa. Jijiyar wuya ba ta tashi sai ta yi tari. Tana kwanciya da matashi ɗaya. Bugun hannunta ya kusa daidai da nawa, sai dai wani lokaci yakan tsallake ɗaya. Daga ɗaki zuwa rumbu sai ta huta sau ɗaya a hanya. Da can ita ce take fara gama dakan gidanmu ta je ta taya maƙwabta.

Gwaggo ta soma yi mini magana, amma aike kawai.

Ni nake goyon Kulu. Ta saba da bayana, in tana kuka wurina take miƙo hannu, Yaya tana kallo. Jiya ta roƙe ni in ɗora mata ita, ko taku goma ne ta yi, ta ce ba ta taɓa jin nauyin ɗiyarta a baya ba. Na san ka hana. Na ɗora, na ɗaura zanen, na bi ta a baya na tallabe yarinyar da hannu biyu don kada nauyin ya sauka a kanta. Ta yi taku bakwai ta zauna a kan turmi. Ta san ina riƙe da ita. Ba ta ce in saki ba.

Ɗiyarka Hansai. Wassalam.